Sabon bugu ba jabu ba ne, a daina ruɗa yara

Jama'a, wai har yanzu ana kan maganar jiya? Yaro ya tara kuɗinsa ya sayi faifan reggae na Heart of the Congos, na ƙungiyar The Congos, bugun kamfanin Blood and Fire, ya ɗora hoto da murnarsa, sai manyan malamai suka yi masa caa, wai jabu ya saya, wai in ba bugun Jamaika na 1977 ba ne to roba ce kawai. Sannunku da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira.

Jabu shi ne faifan da aka buga ba da izinin mai waƙa ko furodusa ba. Blood and Fire kuwa ƙaramin kamfani ne da aka kafa a Manchester a 1993, a lokacin Steve Barrow ne ke zaɓo waƙoƙin, kuma abin da aka san su da shi ke nan, su nemo mai haƙƙi su biya shi. A 1996 suka sake fito da wannan faifan da furodusa Lee Perry ya haɗa a sitidiyonsa na Black Ark. Ina jabun yake?

Shi ma "asalin" da ake ta kuri da shi, kun taɓa ɗora shi a garmaho? Bayan rikicin man fetur na 1973 robar faifai ta yi tsada, masana'antun Kingston, babban birnin Jamaika, suka riƙa niƙe faifan da ya yi kwantai su sake narkarwa, wani lokaci har da takardar tsakiyarsa. Shi ya sa za ka ga ƙuraje a jikin faifan da ba a taɓa kunnawa ba, allura na bi yana ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa. Farantin ƙarfen da ake danna faifai da shi, in ya buga kamar dubu ya kamata a canza, amma a can sau da yawa sai ya gaji tilis. Wannan tarihi ne, mai son tarihi ya saya, ba wanda ya hana shi. Amma kada ya ce sautinsa ya fi.

Tambayar da ta dace guda ɗaya ce: daga ina aka ɗauko sautin? Daga tef ɗin sitidiyo, ko daga tsohon faifai aka kwafa? Tef da yawa sun ɓata ko sun lalace, don haka kwafa daga faifai ba laifi ba ne in an samu mai tsabta, kuma kamfanin kirki yakan faɗa a bayan kwali. In ba a rubuta ba, kunnenka zai gaya maka. Ƙas ɗin da ke zuwa wuri guda kullum, ka wanke faifan bai tafi ba, ka duba a haske babu ƙarzuwa, to mai yiwuwa daga tsohon faifan aka gado shi. In kuma an matsa da goge hayaniya a kwamfuta, sai ka ji faifan tsit amma ƙarar farantan ganga ta dushe kamar an rufa mata bargo.

Sai ka juya kwalin. Akwai sunan wanda ya ba da lasisi? Akwai adireshin kamfani da lambar fitarwa? Ka karkata faifan a haske, a filin nan mai santsi tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya akwai lambobin da aka zana, ka gwada su da na Discogs, shafin intanet da ke tara bayanan faifai. Faifan da ba lasisi, ba adireshi, hoton kwalin dishi-dishi kamar fotokwafi, wannan shi za ku kira jabu in kuna neman abin zagi. Na Pressure Sounds ko Soul Jazz na Landan, ko ƙananan faifan Dub Store na Tokyo, duk za ka tarar da bayaninsu.

Wani zai ce to ai sabon bugu ba ya tsada in za a sayar. Malam, waƙa ka zo saya ko fili? Wani kuma zai ce shi sai mai giram 180. Nauyi ba ya ƙara sauti, zurfin layin tun wurin yanka faifan farko da ake yin farantin ƙarfe daga gare shi aka gama shi. Abin dubawa tsawon gefe ne. Reggae kiɗan bes ne, bes kuma fili yake ci, in aka cusa fiye da minti 22 a gefe guda dole mai yanka ya rage ƙarfi. Shi ya sa faifai biyu masu waƙa kaɗan-kaɗan suka fi guda ɗaya cunkushe. Ja ko kore ko ruwan ɗorawa kuwa, ado ne.

Ban ce sabon bugu ba ya zuwa da aibi ba. Akwai mai ramin da ya kauce daga tsakiya: hannun garmaho na lilo hagu da dama, dogon amo na rawa sama da ƙasa. Akwai wanda ya lanƙwashe kamar tasa tun a hanya. Ka gwada ranar da ya iso, ka ɗauki bidiyo, ka mayar. Tsakani da Allah, abin da ke min ciwo shi ne mawaƙan nan da yawa ba su ga kuɗin waƙarsu ba a zamanin da suka yi ta. Tsohon faifan da ka saya hannun dillali sisi ba ya kai musu, mai lasisin ne kaɗai ke da hanyar kaiwa. Amma shi muke kira jabu.

Af, tunda ana maganar hotuna, mai jera faifansa a kwance ɗaya kan ɗaya kusa da taga, a zafin watan Afrilu na Kano, don Allah ka tsayar da su. Kuma ku daina ɗora kwabo a kan allura don ta daina tsalle. Allura irin AT-VM95E nauyin giram 2 take so a kan faifai, ɗan sikelin aunawa ba shi da tsada. Ƙurar hunturu ma ba a share ta da gefen riga, a samu tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir (ba asid ba) da tsumma mai laushi, a bi da'irar layin, a bar shi ya bushe a tsaye.