Furofayil ɗin aro ba ya rufe katara

'Yan'uwa masu firintar 3D ta kan tebur, akwai wata ɗabi'a tamu da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar da ita. Da zarar wani ya ɗora hoton aikinsa ya fito sumul, tambayar farko ita ce: "Don Allah turo mini furofayil ɗinka," wato saitin da ka yi bugun da shi. A turo, mutum ya loda, ya danna bugu, aiki ya fito a wargaje, sai ya ɗora wa na'urarsa laifi.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin. Na karɓi furofayil daga wani wanda na'urarsa mai dogon tiyo ce, irin da ake kira Bowden, inda motar da ke tura zaren roba take can gefe. Tawa kuwa motar a bisa kan da ke fitar da robar take zaune. A tasa, ja-da-bayan zare, wato janye shi kaɗan don kada roba ta zuba yayin da kan ke sauya wuri, na milimita 6 daidai ne, domin zaren yana da wasa a cikin tiyon. A tawa milimita 1 ma ya wadatar. Da na yi aiki da milimita 6 ɗinsa, sai narkakkiyar robar ta riƙa hawa sama zuwa wurin da ke da sanyi tana daskarewa. Awa bakwai da fara aiki na leƙo, na tarar da kan yana ta yawo a iska, motar na ƙas-ƙas-ƙas, ko ɗigo ba ya fita. Na kwance bakin da robar ke fita, na ga robar ta toshe maƙogwaronsa kamar an danna ƙusa. Shi wanda ya ba ni bai cuce ni ba. Abin da ya dace da na'urarsa ya ba ni.

Furofayil ai tarin umarni ne da manhajar yanka, kamar Cura ko PrusaSlicer ko OrcaSlicer, take bi wajen mayar da zanenka zuwa G-code, wato yaren da na'urar ke ji. Abin da ya fi burge ni a PrusaSlicer shi ne yadda ta raba saiti gida uku: na na'ura, na zare, da na aikin bugu. A ganina duk wanda bai riƙe wannan rabon ba zai daɗe yana wahala. Girman farantin da ake bugu a kai da faɗin baki, wanda yawanci milimita 0.4 ne, na na'ura ne. Zafi da ƙarfin fanka na zare ne. Kaurin kowane hawa na roba, yawan bango da cikon ciki na aiki ne. In ka cakuɗa su wuri guda, ranar da ka sauya zare ɗaya sai ka sake komai daga tushe.

A kan gidan zare nake son in daɗe, domin nan ake yawan sakaci. Zaren roba iri-iri ne. PLA tana narkewa da kyau tsakanin digiri 190 zuwa 220, farantinta kuma 50 zuwa 60. PETG tana son 230 zuwa 250, faranti 70 zuwa 85, kuma ba ta son fanka da ƙarfi kamar PLA. ABS kuwa sai faranti ya kai wajen 100, a rufe ta daga iska, in ba haka ba gefunanta su ɗage. Amma wannan tazarar ta digiri 20 ko 30 ba ƙarama ba ce. PLA biyu daga kamfani ɗaya, baƙa da fara, suna iya bambanta, saboda sinadarin launi yana taɓa yadda robar ke gudana. Shi ya sa duk sabon zare sai na buga masa hasumiyar zafi, kowane bene da nasa digirin, na ɗauka a hannu na duba inda siraran zaren roba masu kama da saƙar gizo-gizo suka ragu, na kuma karya shi in ji benen da ya fi ƙarfi. Ido kaɗai yana yaudara: benen da ya fi sheƙi wani lokaci shi ne mai saurin rabewa.

Sai maganar gudu. Kowa so yake ya rubuta babbar lamba, alhali bakin yana da iyakar robar da zai iya narkarwa a daƙiƙa. Lissafin ba wuya: kaurin hawa sau faɗin layi sau gudu. Hawa milimita 0.2, faɗi milimita 0.45, gudu milimita 150 a daƙiƙa, ya ba ka kubik milimita 13.5 na roba a daƙiƙa, kuma bakin gama-gari da PLA a nan kusa yake fara gajiya. Ka wuce haka, layuka su fito da ramuka.

Roƙona ɗaya ne, kuma da gaske nake: a riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda. Mutum ya rage zafi, ya ƙara fanka, ya taɓa ja-da-baya duk a zama ɗaya, aiki ya gyaru, bai san wanne ne ya gyara ba. Kafin ma a taɓa saiti, a tabbata farantin a daidaice yake kuma zaren bai sha laima ba. PETG da ta jiƙa za ka ji tana ɗan fashe-fashe a baki, kuma babu lambar da za ta magance wannan sai busarwa.

Ban ce a raina furofayil ɗin da masu na'ura suka sako a manhaja ba. Daga shi nake farawa kullum, sai in kwafa, in bar na asali yadda yake. Kwafin kuma in ba shi suna mai magana: irin zare, launi, faɗin baki, kwanan wata. Sunaye irin "sabo" da "sabo na biyu" sun ɓatar mini da saiti mai kyau da na yi mako ina nema. Aikin da ya fito yadda nake so, a fayil irin 3MF nake adana shi, domin yana tafiya da saitinsa, fayil irin STL kuwa siffa kawai yake ɗauka.

Yanzu in wani ya nemi furofayil ɗina, ina ba shi, amma sai na fara tambayarsa: motarka a kan take ko a gefe, kuma wane zare ne a kai?