A daina tura mace ita kaɗai

Na karanta labarin nan naku kan barazanar da ma'aikatan jin daɗin jama'a ke fuskanta idan sun shiga gidaje, kuma wallahi kun taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Yayata tana wannan aiki a nan Kaduna. Kwanaki aka tura ta wani gida a Rigasa, an kai ƙarar ana azabtar da wata yarinya marainiya. Ita kaɗai, da kuɗin Keke daga aljihunta. Maigidan ya tare ƙofa yana cewa wa ya aiko ta ta raba masa iyali. Allah ya sa wani dattijo maƙwabci ya leƙo ya ce, "Hajiya, fito ki tafi."

Tun 2018 jihar nan ke da dokar kare yara da ta hana cin zarafi, amma mai kai dokar cikin zaure wa ke kare ta? Ba mu manta matan rigakafin shan inna da aka harbe a Kano a 2013 ba.

Abin ba wani mai tsada ba ne. A riƙa tura ma'aikatan jin daɗin jama'a biyu-biyu, a fara biyawa ta wajen mai unguwa ya haɗa su da ɗan rakiya, ofis ya san gidan da lokacin dawowa. Bayan la'asar kuwa kada a shiga lungu. Yanzu Yaya ba ta fita sai wayarta cike da caji, lambar kiran gaggawa ta 112 na saman jerin lambobinta.