Mun ɗauki sunan Nana Asma'u, ina malfar?

Ƙannena mata da maza, assalamu alaikum.

Watan jiya na je suna a unguwarmu, jaririya ta ci sunan Asma'u, ana kiranta Nana. Muna zaune a tsakar gida ana rabon waina da zoɓo, sai na tambayi 'yan matan da ke kusa da ni, su biyar, uku daga ciki 'yan jami'a: wace ce Nana Asma'u? Duka suka ce 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ce. Na ce madalla, to me ta yi? Sai kallon-kallo. Ɗaya ta ce ta san wata makaranta mai sunanta. Tun daga ranar abin yake cina a rai, shi ya sa na ce bari in yi muku magana.

An haife ta a Ɗegel a 1793, tagwaye ne ita da Hassan. Bisa al'ada Hussaina za a kira ta, amma mahaifinta ya sa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Ba ta wuce shekara 11 ba aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Daga nan sai yaƙi, sai yunwa, yau a sauka nan gobe a tashi, ana ɗaure littattafai a gafaka ana ɗora wa dabbobi. A cikin wannan hali ta yi karatunta. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma abin da ya iso mana na rubutunta ya kai wajen 60, waƙa da zube. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta haihu, ta riƙe babban gida mai yawan baƙi. Ke da kike cewa hidimar gida ta hana ki buɗe littafi, da kai da kake cewa ba wuta ba data, ku dubi wannan da kyau.

Amma malamai masu rubutu suna da yawa a gidan Shehu. Abin da ya ware ta daban shi ne inda ta kai ilimin.

Bayan Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, aka ci gaba da yaƙe-yaƙe shekara da shekaru, ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno suka cika da mata waɗanda yaƙi ya raba da garuruwansu, da zawarawa, da marayu. Mafi yawansu ba su jin Larabci, ba su jin Fulatanci, in ciwo ya kama ɗa ko baƙin ciki ya yi yawa, bori suka sani. Asma'u ba ta tsaya zaginsu da jahilci ba. Sai ta zaɓo dattijan mata masu hankali da riƙon amana daga ƙauyukan nan, ta karantar da su, ta naɗa kowacce jaji. Jaji kuwa sunan mai shiga gaban ayarin fatake ne, mai gano hanya. Takan ɗora wa jaji malfa, ta naɗe malfar da jan rawani. Wannan malfa a da alamar Innar Gobir ce, uwar 'yan bori. Ku dubi hikima: matan karkara sun saba girmama mai malfa, sai ta bar musu malfar, ta canja abin da ke fitowa daga bakin mai ita.

Jaji za ta tattaro ɗalibanta, 'yan matan da ba su isa aure ba da tsofaffin da suka gama haihuwa, tunda masu goyo da miji ba su da halin doguwar tafiya. Su tako da ƙafa har Sakkwato, ɗauke da ɗan abin sadaka, hatsi ko man shanu ko zuma. Su zauna gaban Nana su haddace waƙa, a warware musu ma'anarta, su koma gida su rera wa waɗanda ba su samu zuwa ba, a bakin turmi, a wurin kaɗi, a gidan biki. Su ne 'Yan Taru. Ba aji, ba albashi, ba takardar shaida, amma bayan rasuwarta a 1864 ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon su, aikin bai mutu da mai shi ba.

Kuma ta san masu sauraronta. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baitoci 30 domin matar da ba ta taɓa riƙe allo ba ta iya jero su. Ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa, waƙar da ke yi wa mai mulki da alƙali da ɗan kasuwa kashedin ranar hisabi, domin talaka ya ji da kunnensa abin da shari'a ta ɗora wa shugabansa. Ta yi wa Bello marsiyya da ya rasu a 1837, ta kuma yi wa matan da ba su da sarauta, tana yabon haƙurinsu da sulhunta maƙwabta da kula da mabuƙata. Matar da malaman ƙasashe ke rubuto wa wasiƙa da Larabci, ita ce ke zama ta auna kalmar Hausa mai sauƙi saboda wata tsohuwa daga ƙauye.

Mu fa? Allah ya ba mu abin da ba ta samu ba. Littafin da a da sai an yi wata ana kwafarsa da alƙalamin kara, yau yana cikin wayarka. Amma ina ilimin namu yake zuwa? Gardama a Facebook har tsakar dare, wane ɗan bidi'a ne, wance ba ta waye ba. Mai digiri yana jin nauyin yin bayani da Hausa kada a ce bai iya Turanci ba. Kowa so yake ya burge na sama da shi, ba mai waiwayar na ƙasa.

Ku samari, da ku nake musamman a nan. Shehun da kuke sa sunansa a bakinku ya yi kakkausar magana a littafinsa Nurul Albab kan malaman da ke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Asma'u ba daga sama ta faɗo ba, uba ne ya zaunar da ita ya koya mata, miji da ɗan'uwa suka ba ta fili. Idan ana shirin cire ƙanwarka daga makaranta saboda talla ko kuɗin jarrabawa, kai kuma kana da na sayen sabuwar waya ka yi shiru, to me za ka ce ka gada daga Shehu?

Ni ma da nake wannan magana ban tsira ba, kuma abin da ya fi damuna ke nan. Akwai yarinyar da aka kawo mana aiki daga ƙauye, shekararta ba ta wuce 13 ba. Kusan shekara biyu tana wanke-wanke da shara a gidan da kowane ɗaki akwai littattafai. Rannan na aike ta kanti da takardar sayayya, ta dawo da abin da ban rubuta ba. Na fara faɗa, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti, ban iya karatu ba, mai kantin ma ba ya nan, yaronsa ne." Wallahi jikina ya yi sanyi. Kullum ina yi wa mutanen intanet wa'azin ilimin 'ya mace, ga 'ya mace a ƙarƙashin rufina ban taɓa tambayarta ko ta san bihim ba.

Kada ku jira sai kun kafa ƙungiya ko an ba ku tallafi. Duba gidanku da layinku: 'yar aikin nan, almajirin da ke yi muku wanki, gwaggon da take kawo maka waya ka karanta mata saƙo, amaryar da aka cire daga aji uku. Ka iya lissafi, koya wa mai sayar da ƙosai yadda za ta rubuta bashi. Kin karanci aikin jinya, tara matan layinku ki yi musu bayanin haɗa ruwan gishiri da sukari da alamomin haɗari ga mai ciki, da Hausar da za su riƙe. Ka san tajwidi, gyara wa kakarka Fatiha cikin ladabi.

Yarinyar gidanmu yanzu muna zama da ita bayan La'asar, minti 30, da ɗan littafin rubutu da fensir. Na yi magana da mahaifiyarta, an sa ta Islamiyya, in an koma zangon karatu kuma za ta shiga firamare in Allah ya yarda. Shekaranjiya ta rubuta sunanta ba tare da na kama hannunta ba, ta kuma tambaye ni ko za ta iya zuwa da ƙawarta mai aiki a gidan da ke kallon namu. Na ce ta zo da ita ranar Asabar.