Rediyon gari ba na gaishe-gaishe kaɗai ba ne

Mutane da yawa a Maraɗi sun ɗauka aikin rediyon gari gaisuwa ne da sanarwar biki, labari kuwa sai a WhatsApp. Kuskure ne. A 2019, da 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka kwararo yankin Gidan Runji, tambayarsu ita ce ina ake rajista, yaushe za a raba abinci, ina za a kai yaro marar lafiya. Saƙon murya ba shi da uba. Wanda ya turo maka ma turo masa aka yi. Mai magana a rediyon gari kuwa an san gidansu, in ya faɗi ƙarya gobe a tare shi a kasuwa. Kuma akwatin rediyo batir kawai yake so, ko babu wuta, ko babu rezo.