Kana ƙirga awaki da magariba, yaran fa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babu manomin da zai kwanta bai leƙa garke ba. Kallo ɗaya ya ishe shi ya gane tunkiyar da ba ta tuƙa, da akuyar da ke ɗingishi, da maraƙin da hancinsa ya bushe. Amma wannan mutumin, ɗansa zai yi mako yana fitsari da jini bai sani ba, har sai uwar ta gani a wando. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo. Namiji makiyayi ne a kan iyalinsa, mace makiyayiya ce a gidan mijinta. Kowa zai iya cewa bai san mene ne kiwo ba, ban da manomi.

Tashi a gona ni'ima ce ga yaro, kada wani ya raina ta. A cikin Bukhari, Annabi (SAW) ya ce Allah bai aiko wani annabi ba face ya yi kiwon tumaki, shi ma ya yi wa mutanen Makka kiwo a kan lada. Yaron da ya ga ƙwaya ta shiga ƙasa a bushe ta fito kore bayan ruwa, in aka karanta masa aya ta 63 da ta 64 a Suratul Waƙi'a, inda Allah yake tambaya ko ku ne kuke tsirar da abin da kuke shukawa ko Mu ne, ba ya buƙatar dogon tafsiri. Sai dai gonar da ke koyar da haƙuri ita ce kuma ke karya yara idan uba ya ɗauki ɗa a matsayin leburan da ba a biya. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2021 ya ce yara miliyan 160 ne ke aikin da ya fi ƙarfinsu ko yake hana su karatu, kashi 70 cikin 100 a harkar noma, kuma mafi yawansu ba wa baƙo suke yi ba, a cikin danginsu ne.

Ma'aunin yana cikin hadisin Abu Zarri a kan masu hidima: kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora musu to ku taimake su. Wannan fa bara ke nan, ina ga ɗan cikinka? Yaron da bai kai shida ba aikinsa kallo ne, sai ko watsa wa kaji tsaba a gaban babba. Daga bakwai zuwa tara zai iya kwashe ƙwai, ya zuba wa ƙananan dabbobi ruwa, ya bi bayanka ranar shuka yana jefa iri a rami yana rufewa da ƙafa. Ɗan goma zuwa sha biyu ya iya noman ciyawa na awa ɗaya ko biyu da sanyin safiya, da fartanya daidai hannunsa. Ta babba tana sa shi sara da kafaɗa maimakon hannu, ya gaji da wuri, kuma yaro in ya gaji ne yake saran yatsar ƙafarsa. Abubuwa huɗu kuwa babu ruwan wanda bai kai sha takwas ba da su, ko da ya fi ka tsawo: feshin magani, inji mai bel ko wuƙa, riƙe bijimi, da shiga rijiya.

Bari mu daɗe kaɗan a kan magani, domin nan ne sakaci ya fi yawa kuma nadama ba ta da amfani. Kuskure na farko shi ne juye maganin ƙwari ko na ciyawa a robar lemo ko ta ruwan sha, wai don an sayi kaɗan ko an raba da maƙwabci. Ɗan shekara uku ba ya karatu, roba kawai ya sani. Maganin ciyawa irin farakwat, kurɓa ɗaya kan iya kashewa, kuma har yau babu maganin da ke karya dafinsa. Kowane magani ya zauna a mazubinsa na asali da takardarsa a jiki, a wuri mai kwaɗo, sama da inda hannun yaro ke kaiwa, nesa da abinci. Robar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan ɗaurayar a cikin injin feshi, a huda gindinta don kada wani ya mayar da ita ta ɗiban ruwa. Wanda ya yi feshi ya yi wanka ya canja kaya kafin ya ɗauki jariri, kuma a wanke kayan feshin daban. Mai ciki da mai shayarwa ba sa feshi, ba sa wanke kayansa. Ƙwayar nan da ake jefawa a buhun hatsi don kashe ƙwari, iska mai guba take fitarwa da zarar ta haɗu da danshi, kuma iskar tana ratsa buhu. Buhun da aka sa wa ita ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutane, ba ma a ɗakin da ke jikin na kwana ba.

In ƙaddara ta faɗa, ga alamun da aka fi gani a yawancin magungunan ƙwari: yawu yana dalala, gumi, amai, ƙwayar ido ta tsuke ta zama kamar kan allura, numfashi yana ƙara. A tuɓe masa kaya, a wanke fatar da sabulu da ruwa mai yawa, a kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti da robar maganin a hannu domin likita ya san da me yake faɗa. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa madara ko mai. Yawancin magungunan nan an narkar da su ne a cikin wani abu mai kama da kananzir, in ya dawo da amai ya faɗa huhu, an ƙara masa wata cutar a kan ta farko.

Sai ruwa. Mutane suna zaton yaron da ke nutsewa zai yi ihu. Ba ya yi. Ɗan tatata kansa ya fi jikinsa nauyi, yana leƙa bokiti ya kifa a ciki ba zai iya ɗagowa ba, kuma ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba ya isa, cikin 'yan mintuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nuna cewa 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu suna cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa. Bakin rijiya a ɗaga shi a yi masa murfi mai nauyi. Kwamin shan dabbobi da ramin tara ruwa a kewaye su. Bokiti da baho a kife su bayan an gama. Kuma ke uwa, 'yar shekara shida ba mai reno ba ce a bakin ruwa, ita kanta reno take buƙata. In aiki ya haɗe hannun kowa ranar girbi, a ambaci sunan babba ɗaya a ce wane, ƙananan nan a wuyanka suke har la'asar. "Ai na ɗauka yana wurinki" ta raba gidaje da yawa da 'ya'yansu. Wankan kududdufi kuma shi ne hanyar tsargiya, wato fitsarin jinin da muka ambata, kuma tana da magani a asibiti, ba alamar balaga ba ce.

Game da dabbobi, a koya wa yaro kada ya taɓa naɗe igiya a hannu ko a ƙugu. Ya riƙe ta yadda zai iya saki, domin saniya in ta firgita za ta ja shi a ƙasa, kuma gara dabba ta ɓata da a rasa hannu. Kada ya shiga tsakanin saniya da sabon maraƙinta, kada ya zo wa jaki ta baya ba tare da ya yi magana ba. Madara a tafasa ta kafin yaro ya sha, saboda tarin fuka na shanu da cutar da ke sa dabba ɓari duk suna bi ta ɗanyar madara, haka kuma kada yaro ya taɓa mahaifa ko ɗan da aka yi ɓarinsa. Kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, sannan a tafi neman allurar haukan kare a ranar, domin da zarar alamun cutar sun bayyana an makara. Maciji kuwa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurewa da igiya. A cire zobe ko awarwaro, a ɗaure gaɓar da itace kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauki yaron, kada a bar shi ya taka. Ƙwayar cutar da ke sarƙe haƙora tana zaune ne a ƙasa da kashin dabbobi, saboda haka ɗan manomi ya fi kowa buƙatar cikakken rigakafi da takalmi a ƙafa. Duk wannan ba ya cin karo da tawakkali. Mai raƙumi ma an ce masa ya ɗaure sannan ya dogara ga Allah.

Akwai kuma raunin da ba a kai shi asibiti, wanda harshe ke yi. Yaro ya yi barci a gindin bishiya, awaki sun shiga gonar maƙwabci, uba ya zo da zafi ya fara da tsinuwa. A cikin Sahihu Muslim, Jabir ya ba da labarin wani mutumin Madina da raƙuminsa ya yi masa gardama a hanya, sai ya tsine masa. Annabi (SAW) ya sa ya sauka daga kansa, sannan ya ce kada ku yi wa kanku mugun baki, kada ku yi wa 'ya'yanku, kada ku yi wa dukiyarku, kada ku dace da sa'ar da Allah yake amsa roƙo a amsa muku. Ku duba fa, a kan dabba aka faɗi wannan. Kafin ka buɗe baki, ka tambayi kanka ƙarfe nawa yaron ya kwanta jiya. Ɗan shida zuwa sha biyu yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda aka tasa tun kafin asuba, aka tura shi rana da cikin da ba komai, barcinsa a bakin kiwo laifin wanda ya tsara ranar ne. Ka je da shi wurin maƙwabcin, ya ji ka ba da haƙuri ka kuma biya ɓarnar. Wannan ya fi bulala goma zama a zuciyarsa. Anas ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko tir ba.

Hanya mai kyau ta koya wa yaro amana ita ce a ba shi abin kansa. Kaza ɗaya ta isa. Tana kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ya ƙirga kwanakin da kansa, ya ga shaho ya ɗauki ɗaya saboda ya manta bai rufe akurki ba. Akuya tana ɗaukar ciki kimanin wata biyar. Amma in ka ce tasa ce, to tasa ce. Uban da ke cewa "akuyarka" shekara biyu, ranar da buƙata ta taso ya kai ta kasuwa ba ko sallama, ya koya wa ɗansa cewa maganar babba iska ce. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi tana cewa zo in ba ka, Annabi (SAW) ya ce mata da ba ki ba shi komai ba da an rubuta miki ƙarya. In dole ta sa a sayar, a zauna da shi, a faɗa masa dalili, a mayar masa da wata in hali ya samu. Kuma a ba kowa. Bashir ya ba ɗansa Nu'umanu kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) ya ƙi shaida, ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. A gidajen noma wadda aka fi mantawa ita ce 'ya mace. Ita ke ɗebo ruwa da itace, ita ke goyo, ita ke kai abinci gona, amma da yake aikinta ba ya shiga buhu, ranar rabon kyauta sai a tsallake ta, ranar da hannu ya yi ƙaranci kuma ita ake fara cirewa daga makaranta.

Salla ba ta jiran a gama kunya. An umarce mu da mu sa yara salla suna da shekara bakwai, to a tafi gona da ruwan alwala daban da na sha, a ware wuri mai tsabta a inuwa, uba ya ajiye fartanya da azahar yara su ga ya ajiye. Ranar awo kuma a kira su su tsaya. Amfanin da ya kai wusuƙi biyar, wato sa'i 300, ana fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar da shi, ɗaya cikin ashirin in da wahala da kuɗi aka yi ban ruwa. A bar yaro ya ƙirga da bakinsa, tara namu, na goma ba namu ba, ya kuma raka ka kai wa mai haƙƙi. A daren a karanta musu labarin masu gonar nan na Suratul Ƙalam, da suka yi sammako a ɓoye don kada miskini ya shigo musu.

Da rana ta faɗi, Jabir ya ruwaito umarnin Annabi (SAW) cewa a tsare yara a gida a farkon dare, a rufe ƙofofi da sunan Allah, a ɗaure bakin salka, a rufe ƙorai, a kashe fitila lokacin kwanciya. A gona wannan ne lokacin da maciji ke fitowa farauta, dabbobi ke turereniya a ƙofar garke, kowa kuma ya gaji. Aiken da ya rage, ko ɗauko itace ne ko rufe rumbu, babba ya je da tocila. Kai kuma da ka gama ƙirga awakin, ka wuce ɗakin yara da fitilar nan, ka kira su da suna ɗaya bayan ɗaya, ka duba tafin ƙafa ko akwai ƙaya ko yanka, ka taɓa goshi, ka tambayi uwarsu wa ya ci abinci wa ya bari.