Kamfanin da ya ɗora mu a kan keke marar birki a duwatsun Mayorka

Kamfanin da ya karɓi kuɗin mutane da alkawarin zai kai su yawon keke a kan duwatsu, sannan ya miƙa musu kekunan da birkinsu ya cinye, ya wuce a kira shi mai sakaci, domin da rayukan bayin Allah yake caca. Wannan shi ne abin da wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ya yi mana a Mayorka, babban tsibirin ƙasar Sifaniya da ke cikin tekun Bahar Rum, kuma tun da ya zaɓi ya amsa wasiƙunmu da rainin hankali, na ga ya wajaba in shimfiɗa maganar a fili saboda 'yan'uwa mazauna Turai da masu tasowa daga gida waɗanda ke sha'awar irin wannan hutu.

Mu abokai ne da muka saba fita da kekuna a ƙarshen mako, mafi yawanmu magidanta da suka fara manyanta, ɗayanmu ma daga Abuja ya taso bayan ya sha fama da neman biza da tsadar tikitin jirgi. Abin da aka sayar mana a rubuce yake: keke mai lafiya daidai da tsawon kowa, bakanike da zai duba shi kowace safiya, motar rakiya da za ta riƙa bin mu da ruwa da kayan gyara da akwatin taimakon gaggawa, ɗan jagora masanin tarihin tsibirin, da abincin da babu alade a cikinsa. Mun biya kuɗin gaba ɗaya tun kafin mu taso, ba mu nemi ragin ko sisi ba.

Tun a shagon da aka kai mu karɓar kekuna a garin Port de Pollença muka ga alamar inda aka dosa. Na matsa birkin baya na keken da aka ba ni, sai hannun birkin ya zo ya manne da kan keken kafin taya ta ji komai. Na durƙusa na duba robar birkin, na tarar ta cinye har ƙarfen da ke riƙe da ita ya kusa taɓa bakin ƙafar keken. Kacar wani ta yi tsatsa, giyar wani tana tsalle da kanta, dogon cikinmu kuma aka ba shi keken da gwiwarsa ke bugun hannunsa idan ya taka feda. Saurayin da ke tsaron shagon ya ɗan ja wayar birkin, ya ɗaga kafaɗa, ya ce gobe za a kawo sababbi, amma bai manta ya cire kuɗin jingina daga katin kowannenmu ba. Wannan gobe ita muka yi ta ji har muka bar tsibirin. Abin takaicin shi ne Mayorka ba wurin da keke mai kyau ke wahalar samu ba ne, domin manyan ƙungiyoyin tseren keke na Turai a nan suke atisaye lokacin sanyi, kuma tsakanin Pollença da Alcúdia shagunan haya masu kekuna tsaf-tsaf sun cika gari. Kamfanin ya san inda suke, ya zaɓi mafi araha ya soke ribar a aljihu.

A shimfiɗaɗɗun hanyoyin da ke bakin teku mun lallaɓa da abin da muka samu. Ranar da muka bi hanyar Sa Calobra, wani ƙaramin ƙauye da ke bakin teku a ƙasan duwatsu, ita ce ta tona asirin komai, kuma dole in bayyana yadda hanyar take domin mai karatu ya auna girman laifin. Injiniya Antonio Parietti ne ya tsara ta, aka kammala ta a 1932, tana gangarowa daga mashigin Coll dels Reis mai tsayin mita 682 zuwa bakin teku a cikin tazarar da ba ta kai kilomita 10 ba, da kwanoni masu kaifi 26, har akwai wurin da titin ya yi zobe ya bi ta ƙarƙashin kansa. Titin siriri ne, dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen, wani wurin kuma duwatsu biyu sun matse shi har babbar mota da ƙyar take wucewa. A bakin teku hanyar ta ƙare, saboda haka wanda ya sauka ba shi da mafita sai ya hawo ta inda ya bi, ko ya shiga jirgin ruwa zuwa Port de Sóller. Duk wanda ya san wurin zai gaya maka da sanyin safiya ake saukarsa, kafin manyan bas-bas na 'yan yawon buɗe ido su fara jerin gwano.

Mu sai da rana ta take muka isa saman, saboda ɗan jagoran ya makara, ga kuma dogon hawan da ya bi ta Coll de Femenia da Lluc wanda muka yi da giya mai tsalle. Motar rakiya da aka ce za ta same mu a can da sababbin kekuna ba ta nan. Ɗan jagoran ya buga waya, ya juyo ya rantse mana cewa motar ta riga mu sauka, tana jiran mu a ƙasa, ya hau kekensa mai sheƙi ya ɓace a kwana ta farko. Ba mu yi nisa ba warin roba mai ƙonewa ya fara tashi daga ƙafafun kekunanmu. A wata kwana da bas ya cika titi, babbanmu, mutumin da ya haura shekara hamsin, ya matsa birki keken ya ƙi tsayawa, sai ya zaɓi ya jingina da katangar dutse da ke gefe maimakon ya shiga ƙarƙashin mota. Fatar hannunsa ta saɓule daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, rigarsa ta yage, ƙugunsa ya kumbura nan take. Da ya yunƙura zai sake hawa, na riƙe sirdin na ce masa, "Yaya, don girman Allah ka bari, mu tura kawai." Haka muka gangara a ƙafa muna jan kekuna, da takalman keke masu ƙarfe a tafinsu suna zamewa a kan kwalta, motoci na wucewa dab da kafaɗunmu. Bandejin da aka ɗaure masa ma wasu Turawa mata da miji ne suka tsaya suka ba mu daga jakarsu.

A ƙasa babu mota, babu bakanike, babu akwatin magani. Ɗan jagoran muka tarar a inuwa yana shan kofi, kuma da muka matsa masa sai gaskiya ta fito, wai motar tana filin jirgin saman Palma, babban birnin tsibirin, tana ɗaukar wata sabuwar tawaga. Wato mota ɗaya tak kamfanin ke da ita, ya sayar wa ƙungiyoyi da dama alkawarinta a rana guda, kuma ya san haka tun lokacin da yake karɓar kuɗinmu. Daga aljihunmu muka biya tasi ta fitar da wanda ya ji rauni zuwa asibiti.

Ɓangaren ziyarar wurare kuwa, wanda shi ne ya ja hankalin wasunmu fiye da keken kansa, an mai da shi abin dariya. Musulmi sun mulki wannan tsibiri daga shekarar 902 har zuwa 1229 da Sarki Jaume na Aragon ya ci shi da yaƙi, birnin Palma a lokacin Madina Mayurƙa ake kiransa, kuma har yau fadar Almudaina da wuraren wankan Larabawa suna nan a tsohon gari, babbar majami'ar birnin ma a gurbin babban masallacin aka gina ta. A lambun Alfàbia da ke kan hanyar Sóller akwai rufin katako mai rubutun Larabci. Gonakin da aka yi wa matakala da dutse a jikin tsaunukan Tramuntana da magudanan ruwan da ke shayar da su, waɗanda asalin da yawa daga cikinsu ke komawa wancan zamani, suna cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya yankin a jerin wuraren tarihi na duniya a 2011. Duk wannan daga abin da muka karanta da kanmu muka sani, domin "masanin tarihin" da aka haɗa mu da shi bai iya gaya mana ko ta wace unguwa ake bi a je wuraren wankan ba. A Palma an ba mu lokacin ɗaukar hoto a gaban majami'a aka ce mu koma mota, amma an shafe rabin yini da mu a shagon kayan fata a Inca da shagon lu'ulu'un kanti a Manacor, inda kowa ya ga irin gaisuwar da masu shagon ke yi wa ɗan jagoran ya san akwai la'ada a tsakani. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Formentor, wadda aka fara kunnawa a 1863, an soke zuwa can ba tare da dalili ba. Tsohon jirgin ƙasan katako da ke zirga-zirga tsakanin Palma da Sóller tun 1912, wanda hotonsa ne a fuskar tallarsu, sai aka ce tikitinsa ba ya cikin kuɗin da muka biya.

Maganar abinci ba zan ja ta ba. Kowace safiya ana jera mana ensaimada, wani burodi mai zaƙi da ake kwaɓawa da kitsen alade, da sobrassada wadda naman alade ce tsagwaronta, alhali mun rubuta buƙatarmu tun farko an amsa mana da to. Wata ma'aikaciyar otal ce ta ja mu gefe ta faɗakar da mu, ta kuma shaida mana cewa babu wanda ya sanar da ɗakin girki komai game da mu. Ina faɗin wannan ne domin kada a ɗauka mutanen tsibirin nake zargi. Direbobinsu suna kiyaye tazarar mita ɗaya da rabi da dokar Sifaniya ta ce a bai wa mai keke, kuma idan dubbansu suka fito zanga-zanga a Palma a 2024 kan yadda yawon buɗe ido ya yi musu katutu, wanda ya ga yadda irin waɗannan kamfanoni ke cusa tawaga a kan tawaga a siraran hanyoyinsu ba zai ga laifinsu ba.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai ya zo ne bayan mun dawo. Kamfanin ya riƙe kuɗin jinginar babbanmu, wai keken ya karce a jikin dutse, keken da birkinsu ne ya jefa shi a kan dutsen. Wannan shi ne a dake ka a hana ka kuka, sannan a aiko maka da lissafin kuɗin sanda. Da muka rubuta musu, sai suka turo mana wani layi daga ƙananan rubutun da ke ƙasan yarjejeniya mai cewa tsarin tafiya yana iya canzawa, tare da tayin ragin kashi 10 cikin 100 idan muka sake tafiya da su. Canjin tsari daban, rashin birki daban, kuma babu wani ƙaramin rubutu da zai goge dokar Tarayyar Turai ta 2015 kan tafiye-tafiyen da ake sayarwa a dunƙule, wadda ta ɗora wa mai shirya tafiya alhakin duk hidimar da ke cikin yarjejeniya, ko shi ya yi ta da kansa ko wani ya ba wa, ta kuma bai wa matafiyi haƙƙin ragin kuɗi da diyya idan aka gaza cika ta.

Abin da muke nema a bayyane yake: a mayar da kuɗin jingina, a biya kuɗin tasi da na asibiti, a dawo mana da kason motar rakiya da bakanike da ziyarce-ziyarcen da ba a yi ba. Mun riga mun shigar da ƙorafi a bankunan da suka ba mu katunan da aka cire kuɗin, mun kuma ba kamfanin wa'adi a rubuce. Idan ya cika ba su motsa ba, takardar asibiti da rasitin tasi da hotunan robar birkin da saƙonnin da ɗan jagoran ya yi ta aiko mana na "gobe" za su tafi ofishin kare haƙƙin masu saye na gwamnatin tsibiran Baleyar, waɗanda Mayorka ke cikinsu, kuma kowannenmu ya amince zai sa hannu.