Bazazzagi Ya Zo Kano Sayen Sifika

Wani Bazazzagi ne kakansa ya rasu aka raba gado, 'yan uwa kowa ya ja fili da awaki, shi kuma aka haɗa shi da akwati cike da faifan garmaho. Ya kinkimo akwatin da wani injin faifai a buhu, sai kasuwar Sabon Gari, shagon wani Bakano. A bakin shagon akwai Baba mai gyaran rediyo yana ta narka dalma.

Bakano: A'a, bawana ne da sassafen nan? Shigo shigo, me za a ba ka?

Bazazzagi: Bawanka yana gidanku. Sifika nake so na jin faifai, mai sauƙin kuɗi, kuma dan Allah kar ka min Kananci.

Bakano: Ka zo gida. Yaro jawo min waccan babbar. Ka ganta nan, wat dubu takwas, ga fitila tana walƙiya ja da kore, in ka kunna ta a Tudun Wada sai an ji a Samaru wlh.

Baba: Ɗana, duba gefen lambar, me aka rubuta?

Bazazzagi: An sa PMPO.

Baba: Toh lambar talla ce, ko rediyon kicin ma suna lafta mata ita. Wadda ake dubawa ita ce RMS, ita ke nuna ainihin ƙarfin sifika. A ɗaki guda wat 20 kowane gefe ya ishe ka har maƙwabta su kawo ƙara.

Bakano: Baba dan Allah ka ji da dalmarka mana. Kai kuma ina injin naka?

Bazazzagi: Ga shi nan, ɗan uwana ne ya aiko min daga Amurka, ina jona shi ya yi fat, ya fitar da wani hayaƙi mai wari, tun daga nan bai sake magana ba.

Baba: Inna lillahi. Wutar Amurka 120 ce, tamu 230, kai ka ɗura masa ninki biyu ba tiransifomar rage wuta. Kuma ko ka sa ta, wasu tsoffin injinan da bugun wuta suke juyawa, can sau 60 a daƙiƙa nan sau 50, sai ka ji mawaƙi yana jan murya yana nauyi ka ce bai karya ba.

Bakano: Shikenan ya mutu, Allah ya jiƙansa. Ga wani nan ɗan jaka, komai a ciki, sifika a ciki, hannun riƙewa ma akwai, ka rataya ka tafi zance.

Baba: Wannan cin faifai yake. Kansa da nauyi, kuma sifikar tana jikinsa, ita tana girgiza allura tana tsalle.

Bazazzagi: Ai tsalle ba matsala bane Baba, kakana kwabo yake ɗorawa a kan alluran, shikenan sai ya nutsu.

Baba: Shi ya sa faifan kakanku duk suke shuuu. Allurar yanzu nauyin giram 2 zuwa 3 da ɗan wani abu take so, kai ka ɗora mata kwabo ta dinga kankare layin faifan, abin da ta kankare kuma ba ya dawowa har abada.

Bakano ya ga ciniki zai suɓuce, sai ya rarumo wani injin na hannu, ya cusa wayarsa ja da fari a bayan wata babbar rediyo, ya ɗora faifan gwaji ya ƙure murya.

Bazazzagi: Ka kunna kuwa? Ni dai sauro nake ji a cikin gwangwani.

Bakano: Wuta ce ba ta kawo da ƙarfi ba.

Baba: Wuta lafiyarta ƙalau, ramin AUX ka sa. Abin da allura take fitarwa ɗan mitsitsi ne, bai kai na kaset ko na waya ba ko kusa, sannan tun a kamfani ake rage bes ɗin a ƙara siririyar muryar kafin a yanka faifai, don layukan kar su yi faɗi su cinye wuri, ƙa'idar RIAA kenan, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, tun 1954, toh dole sai an samu abin da zai ɗaga muryar ya kuma mayar da bes ɗin wurinsa, shi ake kira fono. Ko dai tsohuwar amfilifaya mai rami an rubuta PHONO, irin su Pioneer da Sansui da Technics na da, ko ka sai ɗan akwatinsa daban, ko injin da ya zo da shi a ciki.

Bazazzagi: Yanzu kuma me ke yin wuuun ɗin nan?

Baba: 'Yar siririyar wayar can da take lilo, ita ce at, wato wayar ƙasa. Ɗaure ta a noti na bayan amfilifaya, gurnanin zai ɗauke.

Bakano: Baba kai wai nawa ya ba ka ne?

Bazazzagi: Rabu da shi Baba. Ni talaka ne, faɗa min wanda aljihuna zai iya.

Baba: In sabo kake so kuma ba ka son wayoyi su yi maka yawa, nemi Audio-Technica AT-LP60X, fononsa a ciki yake, akwai ɗan maɓalli a baya ka tura shi LINE. Ka haɗa da ƙananan sifika masu amfilifaya a cikinsu, kamar Edifier R1280T, wat 42 ce duka biyun, waya ɗaya ja da fari an gama. In kuɗin bai kai ba ka sai tsohuwar amfilifaya da sifikun katako na hannu, amma a gwada a gabanka, ka taɓa gefen takardar sifikar ka ga bai ruɓe ba. Injin kuwa kar ka yi masa rowa, don shi yake taɓa faifan. Kuma kar ka ɗora sifika a tebur ɗaya da shi.

Bakano: Kai, ashe duk ina da su! Yaro buɗe sito. Ai tun ɗazu su nake shirin nuna maka Baba ya katse ni.

Aka yi ta ja, Bakano yana rantsuwa bai ci ko sisi ba, Bazazzagi yana miƙewa yana zama, da ƙyar dai aka daidaita ya tura kuɗi, alat ya shigo ƙirrr.

Baba: Af, buɗe akwatin nan mu ga faifan naka, in nuna maka yadda ake share ƙurar hunturu, kuma a tsaye ake jera su nesa da rana.

Baba ya ɗaga ɗaya ya auna a hannu, ya ɗaga na biyu, ya gyara tabarau.

Baba: Ɗana, duk haka suke da nauyi?

Bazazzagi: Duka Baba, ɗaya ma ya faɗi a tasha ya tarwatse.

Baba: Toh waɗannan 'yan 78 ne, masu juyi 78 a minti ɗaya, sun girmi 33 da ya fito a 1948 da 45 da ya biyo a 1949. Layinsu ya fi faɗi, allurarsu daban. Injin da ka saya 33 da 45 kawai yake juyawa.

Bazazzagi: Kai Bakano maido min kuɗina!

Bakano: Wane kuɗi? Alat ya riga ya shigo, tuni ma na tura wa mai gida. Amma kwantar da hankalinka, ina da faifan 33 buhu guda, rabi waƙar coci rabi darasin koyon Jamusanci, zan maka sauƙi.

Bazazzagi: Allah ya isa!

Bakano: Ba komai bawana. Kwalin ma ɗari biyar ne, ko a kai za ka ɗauka?